Naɗin Zogale a Shumaisi

Hajar shekararta takwas, kuma babu wanda zai ce ya taɓa ganin koren abu ya wuce maƙogwaronta da yardarta. In aka zuba mata kabsa, shinkafar nan ta Larabawa mai nama, sai ta zauna ta tsince ɗan karas ɗin da ke ciki ta jera a gefen faranti, kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Miyar kuka kuwa ko inda take ba ta kallo. A Riyad aka haife ta, a unguwar Shumaisi, Larabci ya fi zama a bakinta a kan Hausa, cikinta kuma bai san komai ba sai shinkafa da soyayyar kaza da taliyar yara.

Mahaifiyarta Zaituna ba ta ɗauki abin da zafi ba sai da yarinyar ta fara dawowa daga makaranta tana zubewa a kujera ko takalmi ba ta cire ba. Suka kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan layinsu. Likita ta ja fatar idonta ta duba, aka ɗebi jini aka auna, sakamako ya nuna jinin ya yi ƙasa. Ta rubuta maganin sha, ta ce amma magani shi kaɗai ba zai riƙe yarinya ba, sai ta riƙa cin ganye da kayan lambu. In aka dawo ba a ga canji ba, kwantar da ita za a yi.

Aikin ya faɗo a kan Zaituna, a nan kuma ya cije. Hajar 'yar fari ce. A gidan su Zaituna a Kazaure uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta zauna lallashinsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a can ba ta taɓa cutar da kowa ba, tun da kaka na nan, gwaggo na nan. Yarinya ta ƙi cin abinci, kaka ce za ta ja ta jikinta tana yi mata tsiya tana ɗura mata har kwano ya ƙare. Zaituna ta ɗauko kunyar ta hau jirgi da ita, sai dai ta baro kakar a gida.

Don haka a gidansu mai ɗaki biyu a hawa na uku, sunan Hajar "ke". Ke, zo nan. Ke, ɗauke takalmanki. In Zaituna za ta ba wani labarinta sai ta ce "yayar Amir" ko "wannan yarinyar". Amir kuwa, ƙaninta ɗan shekara huɗu, sunansa ya sha kira har ya gaji, kullum yana kan cinya ana tura masa loma. Mahaifinsu Ghali shi kam yana kiran 'yarsa da sunanta, amma aikin haɗa wayoyin lantarki yake yi a gine-ginen Dir'iyya. Motar kamfani ke ɗaukarsa da asuba, sai bayan magariba yake dawowa, idonsa na rufewa tun kafin ya wanke hannu.

Zaituna ta fara da abin da ta sani. Ta yi miyar alayyafo, ta ajiye a gaban yarinyar.

"Ke, cinye."

"Ma abi, Ummi. Ba na so."

"Ba tambayarki na yi ba. Ko kin fi son allura?"

Hajar ta zuba wa kwanon ido har miyar ta yi sanyi ta kama fata a sama. Aka yi tsawa, aka hana kallon talabijin, aka ambaci gadon asibiti, duk a banza. Ganyen kuwa na Hajar ne ita kaɗai, tun da ita likita ta ambata. Amir yana gefe yana cin tsokar kaza.

Da tsawa ta ƙi, sai Zaituna ta koma dabara. Akwai busasshen zogale da mahaifiyarta ta aiko mata ta hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu. Ta jiƙa shi ta dafa, ta niƙa luƙui, ta cuɗa da niƙaƙƙen nama, ta cusa cikin sambusa ta soya. Ƙamshi ya cika gidan. Hajar ta ci ta farko, ta ci ta biyu, Zaituna tana tsaye a ƙofar kicin tana jin kanta gwana. A ta uku ne yarinyar ta dakata, ta karkata sambusar wajen hasken taga, ta ga kore.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa Zaituna sauƙi. Ajiye guntun ta yi, ta dubi mahaifiyarta, ta tashi ta shige ɗaki.

Daga ranar duk abin da ya fito daga hannun Zaituna sai Hajar ta buɗe shi ta bincika. Ta ɓare burodi ta leƙa ciki. Ta tona shinkafa har ƙasan faranti. Daga baya ma ta daina wahalar da kanta, ta koma cin abin da ta ga an kawo a rufe daga baƙala, ɗan kantin da ke ƙasan ginin, biskit da madarar kwali. Girkin gida kuwa sai dai ta ce ta ƙoshi. Wannan ya yi wa Zaituna ciwo ƙwarai, fiye da maganar likita. Ta haifi yarinya, ga ta tana ramewa a gabanta, kuma tana gudun abincinta kamar na baƙuwar da ba a yarda da ita ba.

"Baban Amir, ka yi mata magana," ta ce da Ghali wata rana yana cire takalmin aiki.

Ya yi mata maganar. Hajar ta ci loma biyu don babanta, washegari da ya tafi aiki aka koma gidan jiya.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Mahbuba ce, Bahaushiya haifaffiyar ƙasar, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna. Ta girmi Zaituna, 'ya'yanta biyar, Hausarta rabi Larabci ce, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Ita ce ke kiran Zaituna "Umm Hajar" a kan matakala da ƙarfi, yadda ake kiran kowace uwa a garin da sunan ɗanta na fari, Zaituna kuwa ta riƙa sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi.

Wata Laraba da hantsi Mahbuba ta ƙwanƙwasa, ta shigo ta zauna tun ba a ce mata bismilla ba.

"Umm Hajar, 'yarki fa tana cin abinci a gidana."

"Ai na sani, Yaya Mahbuba. Biskit ɗinku take ƙarar muku, ki yi haƙuri."

"Wane biskit? Jiya kokwamba ta ci, da karas. Har ganyen inabi da muka naɗa da shinkafa ta ci."

Zaituna ta ajiye kofin shayin da take zubawa. Kishi ne ya fara taso mata, ba murna ba.

"Ganye? Wannan yarinyar?"

"Ita. Ni ba na ce wa yaro ya ci. Shimfiɗa leda nake a ƙasa, in zube kaya, in ce kowa ya naɗa nasa. Yaro ba ya zubar da abin da ya naɗa da hannunsa, ko da ya fito a karkace." Mahbuba ta kurɓi shayi. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta ci a gida. Kin san me ta ce?"

Zaituna ta girgiza kai.

"Ta ce Ummi tana ba Amir nama, ni tana ba ni ciyawa. Ta ce kin ɓoye mata ciyawar a sambusa don kin san ba ta so. Ta ce ba kya sonta, ko sunanta ba kya faɗa. Har tambayata ta yi wai ko kin manta shi ne."

"Yaya Mahbuba, 'yar fari ce fa. A wurinmu..."

"Na sani, habibti, 'yar'uwata. Kakata ma har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Amma babana a gida mai mata goma ya tashi, kowacce na kiransa. Ita wannan wa take da shi daga safe zuwa dare? Ke ce uwar, ke ce kakar, ke ce gwaggon. A makaranta tana ganin uwayen ƙawayenta suna rungume su a bakin ƙofa suna kiran sunayensu, ya Nura, ya Rim. Wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata wai kunya ce?"

Babu wanda ya taɓa. Zaituna ta ce shayin ya huce, bari ta ɗumama. A kicin ta tsaya gaban murhu ba ta kunna ba. Ashe duk shekarun nan da take ganin tana riƙe da tarbiyyar gidansu, yarinyar ƙiyayya take karantawa. Hawaye ya zubo mata, ta goge da bakin mayafi, ta fito da shayin yadda ta shiga da shi.

Ranar Juma'a Ghali ba ya aiki. Bayan la'asar ta ce ya ɗauki Amir su je Dira su sha iska a wajen kasuwa. Ya dube ta, ya dubi ledojin kayan lambu da ta sa ya sayo da safe, bai tambayi komai ba. Da ya ce Hajar ta zo su tafi, yarinyar ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Zaituna ta shimfiɗa leda a tsakiyar falo. Ta fere karas ta yanka shi sirara a tsaye kamar tsinken ashana, ta yi wa kokwamba da jan tattasai haka. Ta yanka jan kabeji ƙanana. Zogalen nan da ya jawo rigima ta dafa shi ta matse, amma wannan karon ba ta niƙa ba, ta bar shi ganye-ganye yadda kowa zai gane shi, ta kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri da lemon tsami. Ta kawo labna, kindirmon nan nasu mai kauri da ake shafa wa burodi, da sirirın burodin shawarma. Kowane abu da kwanonsa, a buɗe. Ta zauna ta duba shimfiɗar, ja da kore da ruwan goro, ita kanta sai da ta ji yawu ya tsinke mata.

Saura kira.

"Ke."

Ta sake ɗaga murya.

"Ke, ba kya ji ne?"

Ta ji motsin gado, amma ƙofa ba ta buɗe ba. Zaituna ta tashi ta je bakin ƙofar ta tsaya. Gidan babu kowa, daga ita sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, amma ji take kamar mahaifiyarta da duk matan gidansu na Kazaure suna zaune a falon sun zuba mata ido. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a wuya. Abin dariya ne a ce mace mai 'ya'ya biyu tana gumi a gaban ƙofar katako saboda kalma ɗaya, amma ita ba dariya take ji ba.

"Hajar."

A hankali ya fito, kamar mai tambayar hanya. Motsin gadon ya tsaya cak. Can sai ƙofa ta buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙo.

"Na'am?"

"Zo ki taya ni aiki. Ba cewa na yi ki ci ba."

Hajar ta fito tana kallon mahaifiyarta, ba shimfiɗar ba. Ta zauna a can bakin leda, ta naɗe ƙafa.

Zaituna ta ɗauki burodi ɗaya ta shimfiɗa, ta shafa labna da bayan cokali har gefe-gefe, ta jera karas da kokwamba da tattasai a ɓangare ɗaya, ta barbaɗa kabeji, ta zuba kwaɗon zogale. Ta kama bakin burodin ta naɗe shi tamau kamar tabarma, sannan ta sa wuƙa ta yanka gunduwa-gunduwa, ta kwantar da su a faranti. Kowace gunduwa cikinta a waje yake, zobe-zobe, ana ganin duk abin da aka sa.

"Kin gani? Babu abin da ya ɓuya. Wannan karas, wannan kabeji. Wannan kore zogale ne, shi na sa miki a sambusa ban gaya miki ba. Ban kyauta ba."

Hajar ta matso kaɗan.

"Ciyawa ce."

"Ganyen bishiya ne. Tana nan a bayan ɗakin kakarki, ta fi ginin gidan tsawo. Ita ta tsinko da hannunta ta shanya, ta ce a kawo miki."

"Ni? Ba Amir ba?"

"Ke ce likita ta ce jininki ya yi ƙasa. Shi ya sa nake ba ki ke kaɗai. Da na san abin da kike tunani ke nan, da shi ma na ɗura masa tun ranar farko."

Bakin Hajar ya motsa kamar za ta yi murmushi, ta danne. Ta jawo burodi ɗaya. Labnar da ta zuba ta isa mutum uku, karas ɗin kuma ta tara shi tsibi a tsakiya, ko kallon kwanon zogale ba ta yi ba. Da ta zo naɗewa burodin ya yage, labna ta fito ta gefe ta ɓata mata yatsu.

"Ya lalace."

"Kin cika masa ciki ne. Ɗauko wani."

Wannan karon Zaituna ta zagayo ta zauna a bayanta, ta ɗora hannuwanta a kan na yarinyar. Ta ji ƙasusuwan yatsun, sirara, sun fi yadda take zato rama. Rabon da ta riƙe hannun nan haka tun yarinyar na koyon tafiya.

"Kaɗan za ki sa, a gefe. Yauwa. Danna da babban yatsa, ki tura gaba. Kada ki saki."

Naɗin ya fito ɗaya gefen ya fi ɗaya kauri, amma bai yage ba. Hajar ta karɓi wuƙa ta yanka da kanta, harshe a waje. Ta ɗaga gunduwa ɗaya ta leƙa ta cikinta, ta juya ta, sai kawai ta jefa a baki. Zaituna ta kawar da kai ta shiga gyara kabejin da ba ya bukatar gyara, tana jin ƙarar karas a haƙoran 'yarta. Ba ta ce komai ba, don ta san in ta yi magana za ta ɓata.

Suka ci gaba. Hajar ta yi mai kokwamba zalla, ta yi mai tattasai ta ce ya yi zaƙi, ta yi wani da ta ce na Khala Mahbuba ne, yadda take kiran maƙwabciyar tasu. Sai surutu ya ɓalle, rabi Hausa rabi Larabci, labarin wata malama mai faɗa da wata ƙawa da ta yanke gashinta da almakashi. Zaituna ba ta taɓa sanin yarinyar na da baki haka ba.

Can Hajar ta nuna kwanon zogale da haɓa.

"Ke kina ci?"

"Tun ina ƙarama. Har faɗa muke yi a kansa."

"To ci in gani."

Zaituna ta ɗauki gunduwa daga naɗinta na farko ta ci. Hajar ta bi ta da ido har ta haɗiye, kamar mai jiran ta ga an faɗi. Sannan ta miƙa yatsu biyu ta tsinci zogalen, ɗan abin da bai kai cikin cokalin shayi ba, ta sa a burodinta, ta binne shi da labna, ta naɗe. Ta ciza, ta yamutsa fuska, ta tauna.

"Akwai ɗaci."

"Kaɗan."

"Amma akwai gyaɗa."

"Ƙuli-ƙuli ke nan."

Ta cinye gunduwar. Ta biyun ta ajiye ta ce sai an jima, Zaituna kuma ba ta matsa ba.

Ana kiran magariba Ghali ya turo ƙofa, Amir a kafaɗarsa. Ya tsaya yana kallon falon, leda duk labna, faranti cike da naɗi masu karkata, 'yarsa da koren ganye maƙale a haƙori. Zaituna na ganinsa ta zame daga bayan yarinyar ta miƙe tsaye, kunyar ta dawo mata gaba ɗaya.

"Ke, tattara kwanonin nan."

Hajar ba ta ko ji ba. Ta ruga ta tari babanta da faranti.

"Baba, ni na yi. Wannan da wannan da wannan. Wannan akwai ganyen kaka a ciki, na ci." Ta rage murya, amma ba yadda kicin ba zai ji ba. "Baba, Ummi ta san sunana."

Zaituna ta riga ta shige kicin ta buɗe famfo. Ta ji Ghali ya yi dariya, dariyar ta yanke a tsakiya, sannan ta ji ya sauke Amir ya durƙusa.

"Ta san shi kafin kowa," ya ce. "Ni sunan gwaggona na so in sa miki. Ita ta hana ni sakat tun kina ciki, ta ce in mace ce Hajar take so. Sai da ta sa na yi alkawari."

A falo Amir na tambaya ko akwai nama a ciki. Zaituna ta ci gaba da wanke cokali ɗaya da ya daɗe da fita. Sai ta ji taku a bayanta, aka ja bakin zanenta.

Hajar ce, riƙe da burodi a shimfiɗe a tafin hannu, ta riga ta shafa labna.

"Ummi, ke ki naɗa mini wannan. Naki ya fi matsewa."

"Me zan sa?"

"Duk abin da kika sa."

Ta ajiye burodin a kan teburin kicin ta koma falo wajen babanta, ba ta tsaya ganin abin da za a zuba ba. Zaituna ta rufe famfo, ta goge hannu, ta jawo kwanon zogale.